Ruwan Laraba

Ga ta nan na kawo muku.
Ta zo, kunnenmu na nan.

Halmurad na durƙushe a bakin magudana yana kwashe busassun ganye, sai matarsa Gulsara ta kira shi daga ƙofa.

"Baban Nadira, ajiye fartanyar nan. Malam Ergash na nemanka, jikin ya tsananta."

Shi Malam Ergash tsohon malamin makarantar ƙauyen ne, can wajen birnin Kokand, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Zamanin Sobiyet shi ke tsayawa gaban allo yana koya wa yara cewa babu wani Mahalicci. Gwamnatin ta rushe, jama'a suka koma masallaci, shi bai taka ba. Amma fa maƙwabci ne da ba a kuka da shi. A ƙauyen kowane gida da ranarsa ta ban ruwa. Tasa Laraba ce, amma shekara arba'in, duk Laraba sai ya toshe magudanarsa da dutse ruwan ya wuce lambun su Halmurad, wai inabinsa ba ya son jiƙa.

Halmurad ya same shi kwance a ƙasa kan katifa, shayi ya huce, gurasa ko gutsura ba a yi ba.

"Zauna, ƙanena. Wa'azi ka kawo mini?"

"Wa'azin da bai shige ka da lafiyarka ba, Malam? Shayi na zo sha."

Tsohon ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ka tuna shekarar da aka tono Alƙur'ani a bayan tanderunku, hukuma ta tafi da babanka?"

Ina zai manta? Uban ya dawo bayan wata shida da tari a ƙirji, bai ƙara shekara biyu a duniya ba.

"Ni na rubuta takardar da ta tona masa asiri."

Halmurad ya ajiye kofin a hankali.

"Ban karya dokar kowa ba," in ji Malam Ergash. "Har takardar yabo aka ba ni, tana cikin akwatin can. To ka gaya mini, wane alƙali ne ke zaune a ƙirjina tun daga ranar? Ba a makaranta na samo shi ba, ai ni ne makarantar. Na ce wa kaina tsoron mutane ne. Waɗanda suka san zancen duk sun mutu, shi kuwa yana nan daram."

"Ka san sunansa, Malam."

"Ban sani ba. Abin da na sani, doka ba ta rubuta kanta, wannan kuwa ba ni na rubuta ta ba. Amma ba gardama na kira ka ba. Ka yafe mini."

Halmurad ya dubi taga. Ga 'ya'yan rumman na lambunsa can sun yi jajir ta kan katanga. Ashe shekara arba'in hakkin babansa yake sha a cikinsu.

"Shi ne ruwan Laraba?"

"Shi ne. Bai wanke komai ba."

Kalmar yafiya ta zo har bakin Halmurad, ta tsaya. Ya miƙe yana gyara hula. "Bari in yi azahar, zan dawo."

Bai koma ba. Da ya gaya wa Gulsara, ta ce, "Mutum na numfashi ɗaya-ɗaya kake ja masa rai? Tashi ka je."

"Shi ya ja nasa shekara arba'in. Ya jira gobe."

Kun san gobe ba ta hannun kowa. Washegari da hantsi, Gulsara na ciro gurasa daga tanderu, suka ji kukan 'yar Malam Ergash ta kan katanga.

Al'adarsu ce, kafin a ɗauki gawa liman ya juyo ya tambayi jama'a, "Wane irin mutum ne?" Liman ya tambaya, sahu ya yi tsit, don kowa ya san goshin mamacin bai taɓa ƙasa ba. Ya sake tambaya. Idanu suka koma kan maƙwabcin da suka haɗa katanga.

"Mutumin kirki ne," in ji Halmurad. "Na yafe masa."

Jama'a suka amsa. Amma kunnen da ya roƙi kalmar yana naɗe cikin likkafani.

'Yar ta rufe gidan ta koma birnin Tashkent wurin mijinta. Gulsara ba ta ƙara tayar da zancen ba. Halmurad kuwa yana nan, ya tsufa. Duk ranar ruwansa sai ya ɗauki dutsen nan ya toshe tasa magudanar, ya tsaya yana kallon ruwa na bi ta ƙarƙashin katanga zuwa gindin inabin da tsuntsaye kaɗai ke ci.