Mai Barci

Auta ta shigo gida bakinta kore shar, tana riƙe da ciki tana amai. Uwarta, mai gyaran kifi a bakin teku, ta yar da wuƙa, ko hannu ba ta wanke ba ta saɓe ta sai asibiti.

"Me kika ci? Faɗa mini!" in ji uwar a hanya.

"Barci," in ji Auta, wadda bana ta fara haɗa magana. "Mai barci."

Nas ta duba idon yarinyar da harshenta. "Ganye ta ci. A fadamar nan akwai wanda zawo kawai zai sa, akwai kuma wanda ba na so in ambata. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Maza ki kawo mini shi har saiwa. Ni zan hana ta barci."

Uwar ta dubi Auta. Ai barcin nan yarinyar take ta kira tun a hanya.

Ta ruga bayan rumfunan kifi, inda Auta ke wasa. Ciyayin da kullum take takawa ko kallo ba su ishe ta ba, yau sun haɗa baki sun zama iri ɗaya. Ta tumɓuke wannan ta yar, ta sunsuna wancan, ba abin da take ji sai ƙarnin kifin hannunta. Hadari ya haɗo, ruwan teku kuma ya fara hawowa yana shafe sawun ƙananan ƙafafu a taɓo. Ta durƙusa tana lalube.

Nan gab da fuskarta ta ga wata 'yar ciyawa mai yaɗo, an tsittsinke mata ganye. Jajayen furanninta duk sun rufe tunda rana ta ɓuya. Sai ta tuna safiyar da Auta ta ja mata zane tana cewa, "Inna, fulawa ta tashi!" ita kuwa ta ce a ƙyale ta da aikinta.

Ashe ba barci yarinyar take ji ba, sunan ciyawar take faɗa.

Nas ta jujjuya ciyawar a hannu, ta sauke numfashi. "Mai zawon ce, mun gode Allah. Yanzu bar ta ta yi barcinta."

Uwar ta ce to. Amma da idon Auta ya fara rufewa, sai ta kai hannu ta girgiza ta.