Rodin da Ya Ƙi Zama a Bango

Tun da Zanele ta aiko da talabijin ɗin nan daga Johannesburg, mahaifinta Velaphi bai ƙara samun sukuni ba. Aba ce fale-fale, faɗinta ya kusa ƙyauren ɗaki, ba ƙafa ba gindi, ba ta zama a kan tebur sai dai a rataya. Kuma 'yar ta faɗa a waya, da muryar nan tata ta mutanen birni: "Baba, a saman murhu ake sawa. Haka kowa yake yi yanzu."

A saman murhu fa! Velaphi ya tsufa yana tuƙa bas a Bulawayo, bai taɓa jin an ɗora abu mai tsoron zafi a kan wuta ba. Amma ba zafin ne ya hana shi barci ba, bangon ne.

Gidan irin tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa ne: rufi ɗaya, ƙofa biyu, kowane ɓangare da murhun jin ɗumi a falonsa. Murhun biyu sun ba juna baya, hayaƙinsu na fita ta bututu guda. Ɓangaren hagu nasa ne shi da matarsa. Na dama na yayarsa Khethiwe ne, wadda take zaune ita kaɗai tun da mijinta ya rasu. Rabonsu da magana tun mutuwar mahaifiyarsu. Ita ta so a kai gawar ƙauye kusa da kabarin mahaifinsu, shi kuwa ya ce shi ne namijin gida, ya sa aka binne tsohuwar a maƙabartar gari kafin Khethiwe ta dawo daga neman mota. Daga ranar, ko a coci suka yi kiciɓis, kowa sai ya sami abin kallo a silin. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Mai shagon kayan gini bai ɓoye masa komai ba. Ya ce bulon gidajen nan ya gaji, ba zai riƙe gajeren ƙusa ba. "Baba, ka huda har ka fita ta baya, ka zura dogon rodi mai zare. Wani ya riƙe maka noti ta can, kai kana juyawa ta nan." Velaphi ya sayi rodin don kada a ce ya raina shawara, amma a ransa ya ce ko talabijin ɗin za ta tsufa a kwali, shi dai ba zai je ya buga ƙofar Khethiwe ba.

Ranar Asabar, cikin sanyin Yuli mai shiga ƙashi, don lokacin hunturun ƙasarsu ke nan, aka kawo wutar lantarki bayan cin abincin rana. Ba wanda ya san yaushe za a ɗauke, don haka ya jawo injin huda bango da ya aro, ya shimfiɗa takardar bayanin da ta zo a kwali. Babu rubutu ko kalma ɗaya a jikinta, sai zanen wasu 'yan mutane biyu marasa wuya suna murmushi, da kibiyoyi suna nuna ko'ina.

Matarsa, wadda unguwa ke kira NaZanele, wato uwar Zanele, kamar yadda ake kiransa SaZanele, uban Zanele, ta leƙo ta bayan kafaɗarsa. "Wannan mai dariyar kai ne?"

"Ki bar ni in yi tunani."

"A kife ka riƙe ta, ai."

Ya juya takardar. Ba abin da ya canza, sai dai 'yan mutanen sun koma tsaye da ka.

Ya ɗora ƙarfen rataye talabijin ɗin a bango, ya daidaita shi da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki. Ma'auni ya ce daidai. NaZanele ta ja da baya har bakin ƙofa, ta karkata kai, ta ce a karkace yake. Ya gyara yadda idonta ya so, ma'auni kuma ya ce a karkace. Ashe dakalin saman murhun ne ya sunkuya tun zamanin Turawa, kuma duk falon ya bi shi ya sunkuya, har labule. To wa za a bi, ma'auni ko gida? Ya raba musu gardama, ya sa alama a tsakani, abin ya fito bai gamsar da kowa ba.

Hudar farko a tsakiya ya yi ta. Injin ya yi ƙugi, ya yi ƙugi, sai kawai ya zurma ciki har wuya, Velaphi ya kusa sumbatar bango. Da ya zaro, baƙin kunkunniya ya biyo baya ya wanke masa fuska. Ya cusa 'yar robar da ke riƙe ƙusa, ya ɗan taɓa ta da guduma, ta shige ta ɓace. Suka ji tana gangarawa can cikin bango, ƙis, ƙis, sannan shiru. Ya sa ta biyu, ta bi 'yar'uwarta.

"Bangon nan cinye su yake yi," in ji NaZanele.

"Bango ba ya cin abu."

"To ina suke?"

Sai ya matsa gefe da gefe ya yi wasu hudojin, ya ɗaure ƙarfen da gajerun ƙusoshi. Suka ciccibi talabijin ɗin su biyu, tana cewa ya ɗaga, yana cewa ta sauke, har ta zauna a maƙalinta. Kai, ta yi kyau! Velaphi ya goge hannu a wando, ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji. Ga shi ya gama, bai roƙi kowa komai ba.

Sai hayaƙi ya fara fitowa ta bayanta.

Siriri ne da farko, yana lanƙwasa ta saman gilashin, sannan ya yi kauri. NaZanele ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, ta kama! Kayan yarinya ya kama da wuta!"

"Ta kama da me? Ko jona ta ban yi ba!" Ya ɗaga igiyar wutar yana nuna mata, ga bakinta nan yana lilo a hannunsa. Ya duba murhunsu, babu ko garwashi, rabonsu da hura shi tun shekaranjiya. Wuta babu a ƙasa, wuta babu a waya, ga hayaƙi kuma yana tashi. Kansa ya ɗaure tamau. Kafin ya ankara matar ta dawo daga kicin da bokiti cike da ruwa, da ƙyar ya tare ta da ƙirjinsa, rabin ruwan ya ƙare a takalmansa.

Suka sauke talabijin ɗin a gigice. Ƙarfen ratayar ya biyo ta gaba ɗaya, da ƙusoshinsa da garin jan bulo, kamar an cire haƙori. Sai ga hayaƙin yana bulbulowa ta hudar tsakiya, da ƙanshin itacen mopane. A nan ya gane: bututun ya huda, kuma Khethiwe ce ta hura wutarta a can ɓangaren. Ya aika aka kawo masa sauran tuwon masarar rana, ya mulmula, ya toshe hudar da shi.

"Sai ka je wurin Sisi Khethiwe," in ji NaZanele a hankali.

"Ba inda za ni."

Dabara ta zo masa. Zai huda da dogon bakin injin, ya yi zurfi sosai amma ya tsaya kafin ya fita, sannan ya buga rodin ciki da ƙarfi ya kama. Wa ya ce sai an riƙe noti? Ya danna injin a gefen dama yana lissafin kaurin bangon a ka. Yana cikin lissafin ne injin ya sake zurmawa. Ya zaro, ya kai ido bakin hudar, ya ga ɗan haske ja yana rawa a can ƙarshenta. Ya tsaya yana jiran ihu ko zagi, bai ji komai ba.

To, tunda an huda an huda. Ya zura rodin har ya rage kamu ɗaya, ya juya zai ɗauki ƙarfen ratayar.

"SaZanele," matar ta ce da wata irin murya. "Yana dawowa."

Ya waiwaya. Rodin na fitowa daga bango a hankali, shi kaɗai, ba mai taɓa shi, har ya rinjaya ya faɗo a kan siminti, ƙwal! Ya ɗauka ya duba shi sama da ƙasa, rodi dai rodi ne. Ya mayar, ya buga da guduma. Suka tsaya suna kallo. Rodin ya ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ya sake tahowa.

NaZanele ta ja bargonta ta rufe kafaɗu. "Ni dai na faɗa maka tun tuni, tsohuwar nan ba ta ji daɗin inda aka kwantar da ita ba."

"Ke, rufa mana baki! Mama ta rasa abin yi sai wasa da rodi?"

A karo na gaba bai saki ba. Ya dafe bakin rodin da tafin hannu, sai ya ji ana turowa daga can, turi mai rauni amma mai naci. Ya tura, aka turo. Ya san hannun waye, kuma sanin bai rage masa ruɗani ba, ƙara shi ya yi. Khethiwen nan kajinsa sun cinye mata ganyen lambu kaf, ba ta ce uffan ba. An yi bikin Zanele da kiɗa har unguwa ta kawo ƙara, ko tari ba a ji daga ɓangarenta ba. Injin ya daɗe yana girgiza mata gida, ta yi shiru. Sai a kan ɗan rodi guda za ta tashi da faɗa? Me take nufi? Ya rasa ta inda zai kama zancen, haushi da kunya suka cakuɗe masa. Ya fizgi sifana da noti, ya fita da jiƙaƙƙun takalmansa.

Tsakanin ƙofarsa da tata taku kaɗan ne, amma sai da ya tsaya a hanya ya gyara wuyan riga. Ya ɗaga hannu zai buga, ya ga ƙofar a sake take.

"Sisi," ya ce.

"Shigo, ka rufe. Sanyi."

Falon irin nasa ne sak, sai dai komai a juye, kuma babu kowa sai ita. Khethiwe na zaune a wani dogon benci da ta jawo har bakin murhu, kusa ƙwarai, kusan kanta a cikin bututun. Ta rame, gashinta ya yi fari fat, shi kuwa bai san yaushe hakan ta faru ba. Muciya na kan cinyarta, da garin bulo a bakinta. Can sama da kanta ga bakin rodinsa ya leƙo.

Ya buɗe baki zai fara jawabin da ya shirya, sai ya ji muryar matarsa. Daga cikin murhun take fitowa, tar, kamar tana tsaye a ɗakin. "Ubangiji ka sa ta buɗe masa," NaZanele ke cewa ita kaɗai. "Tsofaffi biyu, kai kamar dutse." Har ƙarar jan bokiti ya ji.

Velaphi ya dubi murhun, ya dubi yayarsa.

"Tarin nan naka tun kafin Ista yake," in ji Khethiwe, idonta a kan wuta. "Ka ce wa matarka ka je asibiti, ba ka je ba. Zanele na da ciki, watan jiya ta faɗa muku, ka yi ta dariya har ka ƙware da shayi. Ni ma na yi dariya a nan."

"Duk kina ji?"

"Duk. Har abin da ka faɗa daren da aka binne Mama, cewa daga yau ba ka da 'yar'uwa. A nan nake zaune."

Shi bai taɓa jin komai daga ɓangarenta ba, ko sau ɗaya, kuma sai yanzu ya gane dalili: ba ta da wanda za ta yi wa magana.

"To rodin fa, Sisi? Me ya yi miki?"

"Rodin bai yi mini komai ba." Ta share hanci da gefen bargo. "Da yamma in kun zauna cin tuwo, ni ma nakan ɗauko nawa in zauna a nan. Kuna gardama, ina ci. In ka rataya wannan abar a bakin bututu, shi ke nan, sai dai in ci da ƙwallo da tallar sabulu. Ku ma ba za ku ƙara yin hira ba, Vela, kallo za ku yi."

Ba wanda ya kira shi Vela tun da aka rufe kabarin nan. Ya tsaya riƙe da sifana kamar wanda ya manta amfaninta.

Ta ajiye muciyar, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta miƙo hannu. "Kawo notin. Yarinya ta yi ƙoƙari, kada a ce ni na hana. Je ka juya kafin su ɗauke wuta."

Bai ba ta ba. Ya matsa gaban murhun, ya ɗora tafin hannu a bakin rodin, ya tura shi da ƙarfi har ya shige. Suka ji faɗuwarsa a ɗaya falon, ƙwal, sannan ihun NaZanele ya biyo ta bututu: "Wayyo Allah, ya sake dawowa! SaZanele! Kana ina?"

Khethiwe ta toshe baki da bargo, kafaɗunta na rawa, shi kansa bai san ko dariya take ko kuka ba. Ya sa sifanar a aljihu, ya tuɓe jiƙaƙƙun takalman a gefen wuta.

"Matsa mini, Sisi," ya ce. "Sanyi nake ji."

Ta matsa.