Ragowar Magani a Kan Hanya

A wajenmu ba a zubar da ragowar magani a juji. In an dafa ganye da saiwoyi, an tace ruwan an ba marar lafiya, abin da ya rage a gindin tukunya sai a kai ƙofar gida a watsa a kan hanya. Wanda ya zo wucewa ya taka, ya ɗauki ciwon ke nan ya tafi da shi. Haka muka taso muka gani. Ba wanda ya taɓa zama ya tambayi kansa ko zalunci ne, domin a da hanyar ƙauyenmu Yanjiao ba ta rabuwa da ƙafa: masu kai aladu kasuwa, masu tallar gishiri, 'yan makaranta. Ciwon mutum ɗaya in ya rarrabu a ƙafafu masu yawa, ɗan abin da kowa zai samu bai isa ya kwantar da shi ba.

Amma a daminar da 'yar Rao Dingfu ta kwanta, Yanjiao ta riga ta zama kufai. Kowa ya kulle gidansa ya tafi birni neman aiki. Gida biyu kaɗai ke tada hayaƙi: na Dingfu a gindin dutse, inda yake zaune da uwarsa da 'yarsa Chunni, sai na Kawu Shao, wani tsoho da ba shi da kowa, a can sama. Hanyar fita zuwa gari ta kan gada take, ruwa kuwa ya tafi da gadar.

Da mura abin ya fara. Kakar yarinyar ta dafa citta da mazarƙwaila da farin gindin albasa ta ba ta, aka lulluɓe ta don ta yi gumi. Ba ta yi ba. Murar ta gangara ƙirji ta zama tari, aka koma ɓawon lemu busasshe da zuma. Daga nan zazzaɓi ya shigo. Yarinya 'yar shekara biyar da ba ta zama wuri ɗaya, sai ga ta kwance kamar tsumma, in tari ya taso mata har sai ta riƙe bakin gado. Dingfu ya goya ta ya gangara kogi ko zai sami wurin haurawa. Ya tarar da ruwa ja wur yana tafiya da itatuwa da saiwoyinsu. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juyo da ita.

Abin da ya rage shi ne ganyen wani itace da ake kira pipa, wanda muke dafa wa mai tarin ƙirji. Itacensa ɗaya ne a dutsen nan duka, a bayan gidan Kawu Shao. Kowace safiya tsohon yakan tsinko tsofaffin ganyen, ya goge gashin da ke bayansu da wani tsohon buroshin haƙori don kada su shaƙe yarinyar, ya ɗauro su da igiya ya sauko da sandarsa.

"Ina mai tari kamar tsohuwar akuya?" haka yake cewa tun daga ƙofa. "Ki rage mini, ni ma ina son in yi suna."

Dingfu shi ke dafawa a tukunyar ƙasa, shi ke tacewa, kuma shi ke zagayawa bayan gida da ragowar ya zuba a gindin masara. Uwarsa tana ganinsa, sai ranar da yarinyar ta amayar da magani ta tare shi.

"Ka daina ajiye mana ciwo a bayan gida," in ji ta. "Kullum mu fitar, kullum ka mayar. Kai shi hanya."

"Inna, wa ke bin hanyar nan yanzu?"

"Hanya hanya ce."

"Mutum ɗaya ne. Faɗi sunansa."

"Ni ban kira sunan kowa ba. Cewa na yi ka zuba a hanya."

"Kawu Shao fa shi ya ɗauki akwatin gawar Baba a kafaɗarsa."

"Na sani. Ina wurin." Ta juya tana matse tsumman da take shafa wa yarinyar a goshi. "Ya ci shekarunsa har ya suɗe kwano. Wannan kuwa haƙoran yarintarta ma ba su fara zuba ba."

"To ni zan taka."

"Kai wawa ne? Ƙafar gida gida take dawowa. Ka taka, ka shigo mata da shi."

Dingfu mutum ne mai juya magana a ransa har ta yi laushi, abin da ya sa ma matarsa take ce masa dutsen niƙa. Ya zauna bakin murhu yana juya wannan. In camfi ne kawai, to zubawa ba za ta cuci Kawu Shao ba, me zai hana ya faranta wa tsohuwa? Amma in camfi ne, ba za ta amfani Chunni da komai ba, to don me zai zuba? Ba zai zuba ba sai in yana fatan abin ya yi aiki. Fatan ya yi aiki kuwa fatan tsohon ya kwanta ne. Duk ta inda ya ɓullo, nan yake dawowa.

Da rana matarsa Fengzhi ta bugo waya daga masana'antar takalma da take aiki a kudu. Ta ce a kara wayar a bakin yarinyar. Ta saurari numfashin, sai ta fashe da kuka.

"Inna ta ce ka ƙi zubawa."

"Fengzhi, ki tsaya ki ji."

"Ba kai ke cewa camfi ne ba? In camfi ne me zai same shi?"

"In camfi ne me zai yi wa Chunni?"

"Kada ka yi mini wannan niƙan naka! Ina nan ina ɗinka takalman 'ya'yan wasu, tawa tana can tana mutuwa, kai kuma kana zaune kana tunani. Ka zuba! In akwai alhaki ni na ɗauka."

Ya so ya ce mata alhaki ba ya bin waya. 

Washegari da safe leɓen Chunni ya yi duhu. Numfashinta kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ya kira sunanta, ta buɗe ido ba ta gane shi ba. Ya tace magani, uwarsa ta ɗura mata da cokali, rabi na zubowa ta gefen baki. Sai ya ɗauki tukunyar ya fita ta ƙofar gaba.

Hanyar a wurin siririya ce, katangar gida a hannu ɗaya, gangaren gona a ɗayan. Ya kifar da tukunyar. Baƙaƙen ganye da ɓawon lemu suka baje daga katanga har bakin gangare, suna tururi cikin yayyafi.

"Watsa ƙasa a kai," in ji uwarsa daga ciki.

Bai watsa ba. Ya ce a ransa gara tsohon ya gani da idonsa, in ya ga dama ya juya. Sai da ya koma bayan ƙyaure ya laɓe sannan ya gane abin da ya yi: ya kasa ɗaukar kayan ne, ya aza wa tsoho ya zaɓa da kansa. Ya yunƙura zai ɗauko tsintsiya, sai ya ji ƙarar sanda a kan dutse.

Ƙarar ta matso, ta tsaya.

"Dingfu! Fito, ga ƙafarka nan ina gani ta ƙarƙashin ƙyaure."

Ya fito. Kawu Shao na tsaye da damin ganye a hannu, ruwa na ɗiga daga malafarsa, yana kallon ƙasa.

"Sai yau?" in ji tsohon. "Kullum in na sauko ina duba hanyar nan, fes kamar kare ya lashe. Har na ce gidan Rao sun manta yadda ake jinya."

"Kawu, kada ka taka."

"To in tashi sama? Ka ga fukafukai a jikina?"

"Ka ja baya, yanzu zan share."

"Share mene? Lokacin da kake ƙarami kana zawo kamar agwagwa, uwarka ta sha zuba mini a nan. Na taka. Ga ni, ban mutu ba."

"Lokacin ba kai kaɗai ke bin hanyar ba."

 Tsohon ya waiwaya ya dubi hanyar da ya sauko, ya dubi gidajen da ke kulle, ciyawa ta fito a rufinsu. Daga ciki tarin Chunni ya taso, ya daɗe bai sauka ba. Suka tsaya suna saurare har ya lafa.

"Riƙe mini," in ji Kawu Shao, ya miƙa masa ganyen.

Ya ɗora ƙafar dama, ya ɗora ta hagu. Ya yi ta tattakawa da takalmansa na ƙyalle, gaba da baya, kamar mai kwaɓa ƙasar gini, har ruwan maganin ya rina su.

"Ke tsohuwa!" ya ɗaga murya. "Leƙo ki gani, kada gobe ki ce na tsallake!"

Ba ta leƙo ba. Shi ma bai shiga gidan ba ranar. Ya juya ya hau dutse a hankali, yana tsayawa yana hutawa.

Da gari ya sake wayewa Chunni ta jiƙa bargo da gumi. Goshinta ya yi sanyi. Ta ce tana son kunun shinkafa, kuma a sa mata sukari da yawa. Kakarta ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Dingfu ya tsaya a ƙofa yana jiran ƙarar sanda. Rana ta ɗaga, ba sanda, ba hayaƙi a saman dutse.

"Wataƙila barci ya yi," in ji uwarsa, ba ta dube shi ba.

Ya ɗauki tukunyar ƙasa da citta da sauran ɓawon lemu ya hau.

Ya tarar da tsohon a ƙudundune cikin bargo, jikinsa na ɓari, murhu babu wuta. Yana ganin Dingfu ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

"Ya jikin akuyata?"

"Ta nemi kunu."

"Madalla. To me ka tsaya kana kallona kamar wanda ya ga fatalwa? Ruwa ne ya dake ni jiya. Kada ka ba kanka girma, kai da tukunyarka."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Tsoho ya sha yayyafi hawa da sauka, ga takalma a jiƙe, me zai hana shi kwanciya? Zazzaɓin yara ma yakan sauka don kansa. Dingfu ya san duk wannan. Ya hura wuta, ya tsinko ganyen pipa, ya nemo buroshin ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya dafa. Ya tallafi kan tsohon ya ba shi. Ƙirjin na ƙara irin wadda ya saba ji a ƙirjin Chunni.

Sai ga ragowa a gindin tukunya.

"Bayan gida," in ji Kawu Shao, idonsa a rufe. "Ka ji ni ko? Gindin itace."

Dingfu ya fita da tukunyar ya tsaya a tsakar gida. Bayan gida yana hannun hagu. Hanya tana gaba, ta fi ta ƙasa ma ƙunci, kuma mutum ɗaya ne zai bi ta yau, shi kansa. In ya zuba a gindin itace, to ya yarda ke nan abin gaskiya ne, ya kuma bar wa tsoho kayan da ya aza masa. In ya zuba a hanya ya taka, ƙafar gida gida take dawowa, a gida kuwa akwai yarinyar da gumi bai gama bushewa a jikinta ba. Ya nemi ya gaya wa kansa camfi ne. Jiya bai iya ba, yau ma bai iya ba.

Ya kifar da tukunyar a hanya. Ya taka da dama, ya taka da hagu, ya gangara.

Da ya iso ƙofar gidansa bai shiga ba. Ya zauna a kan tsohon dutsen niƙa da ke waje, tukunyar a cinyarsa. Chunni ta hango shi daga ciki. Tana naɗe da bargo, ta dafa bango ta tako har bakin ƙofa.

"Baba, shigo. Kaka ta sa sukari da yawa."

"Sha abinki. Ina shan iska."

"Ai ruwa ake yi."

Uwarsa ta fito bayan yarinyar. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tukunyar, sannan idonta ya sauka kan takalmansa. Wani baƙin ganye ya manne a gefen na dama.

"Dingfu," in ji ta. "Me ka yi?"

"Yana kwance, Inna."

 Sai ta kama kafaɗar Chunni ta ja ta ciki, ta tura ƙyaure. Ya ji ta sa sakata.

Ya zauna a nan yayyafi na sauka a kansa. Can an jima sakatar ta motsa, hannun tsohuwar ya fito ya ajiye kwano a bakin ƙofa, ya koma. Citta ce da mazarƙwaila, tana tururi. Ya ɗauka da hannu biyu. Kafin ya kai baki ya ji wani abu na yi masa susa a maƙogwaro. Ya danne shi iya ƙarfinsa, don kada su ji daga ciki.