Akwatin Takardun Gajiya

Kyaftin ya kife akwatin a kan teburin taro, takarda biyu suka faɗo. Ya sake girgiza shi, ya leƙa ciki, babu sauran komai. Daga cikin biyun ma ɗaya ledar alewa ce da wani ya jefa.

Wata huɗu ke nan ƙungiyar matuƙan jirgin sama tana zama da kamfani kan sabuwar yarjejeniya. Shi ne sakatare, shi ke rubuta sanarwar da ake tura wa mambobi bayan kowane zama. An gama da maganar albashi, saura ta hutu. Ƙungiya na so a mayar da hutun da ke tsakanin sauka da tashi na gaba daga awa goma zuwa sha biyu. A cikin goman nan ne mutum zai bar filin jirgi, ya sha cunkoson hanya, ya ci abinci, ya kwanta, ya tashi ya shirya ya koma. Barcin da ke saura bai taka kara ya karya ba.

Kamfani bai ce a'a ba, cewa ya yi a kawo shaida. Akwai fom da matuƙi ke cikewa idan gajiya ta kama shi a bakin aiki. In an tara talatin cikin wata uku, magana ta ƙare. Sai ƙungiya ta ajiye akwati mai kwaɗo a ɗakin ma'aikata, Kyaftin ya riƙe mabuɗi, ya kuma rubuta sanarwa har uku yana roƙon a cike.

Lauyar kamfani, mace mai sanyin murya, ta ɗauki fom ɗin ɗaya tilo ta karanta har ƙarshe.

"Kyaftin, matuƙa ɗari da arba'in gare mu. Mutum ɗaya ne ya gaji?" Ta buɗe wani fayil. "Kai ma na duba naka. Shekara talatin da ɗaya, ko sau ɗaya ba ka taɓa cikewa ba. Ai da kai muke ba sababbi misali."

Da a wata rana ce, da yabon nan ya yi masa daɗi har wuya. Ba banza ƙananan matuƙa ke kiransa Ƙarfe ba. Shi ke gwada su a na'urar koyon tuƙi duk wata shida, kuma duk wanda ya yi hamma a gabansa ya san abin da zai ji: matuƙi ba ya gajiya, sai dai shayinsa ya huce. Akan yi dariya. Shi ma yakan yi, don a ganinsa wasa ne.

Shugaban ƙungiya ya nemi a ƙara musu wata guda, aka ce wa'adi ya cika. Kafin sha biyun rana an sa hannu. Awa goma na nan daram har shekara uku.

Da ya isa gida ya tarar da 'yarsa Auta tana barci a kan doguwar kujerar falo, da kayan aiki a jikinta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa. Shekararta ta biyu ke nan tana mataimakiyar matuƙi a kamfanin. Ranar da aka ɗauke ta, bai bar maƙwabci ko ɗaya bai faɗa masa ba. Mahaifiyarta ta ɗora yatsa a baki, ta raɗa masa cewa kada ya tashe ta, sai da safe ta shigo daga aiki, kuma ƙarfe biyar motar kamfani za ta dawo ɗaukarta. Sannan ta miƙo masa jakar aikin yarinyar, wai zif ya maƙale, tun da shi ne mai gyaran gida.

Ya zauna da filaya a hannu. Takarda ce ta shiga haƙoran zif ɗin aljihun gefe. Ya ja a hankali, sai ga fom a ninke, bayansa wani, bayan wannan wani. Guda tara, duk da rubutunta, duk da sa hannu. Ya sa tabarau ya karanta na sama: "Sai da hasumiyar filin jirgi ta kira mu sau biyu kafin na gane da mu ake."

Ya ɗago, ya ga ta farka tana kallonsa.

"Me ya hana ki saka su a akwati?"

Ta gyara zama, ta sunkuyar da kai. "Baba, wa ke da mabuɗin?"

Mabuɗin na aljihunsa, yana jin tudunsa a cinya.

"Ba ni kaɗai ba ce," in ji ta. "Kowa da nasa a jaka. Mukan cike in mun sauka, sai a je gaban akwatin a tuna Kyaftin Ƙarfe ne zai buɗe, kuma shi zai gwada ka wata mai zuwa. Ni kuwa ga gwaji, ga gida."

Ba da zafi ta faɗa ba, shi ya fi ciwo. Ta tambaye shi yadda zaman ya kasance, ya ce an sa hannu. Ta ce sha biyu ko goma. Ya ce goma. Ta gyaɗa kai kawai, ta laluɓo ɗaya takalmin.

Ya so ya gaya mata wata tafiya, shekara ashirin baya, da ya buɗe ido a sararin sama ya ga mataimakinsa ma barci yake, kuma har yau bai san minti nawa suka yi a haka ba. Ko mahaifiyarta ba ta taɓa jin labarin ba. Kunya ta hana shi a lokacin, yanzu ma ita ta riƙe masa baki. Da ya faɗa sau ɗaya a ɗakin ma'aikata, da akwatin nan ya cika maƙil da takardu.

Ƙarfe biyar saura kwata motar ta yi ham a ƙofa. Auta ta gwada zif ɗin, ya tafi sumul. Ta ce, "Sannu da aiki, Baba," ta ja jakarta ta fita.

Ya kunna kwamfuta don rubuta sanarwar yau. Ya rubuta cewa an rasa awa biyun ne saboda mambobi ba su ba da haɗin kai ba. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya goge shi.

A cikin takardun da ta bari, ban da taran nan, akwai fom ɗaya da ba a cike ba. Ya jawo shi, ya rubuta sunansa da lambarsa ta aiki. Layi na gaba ya ce a rubuta ranar da abin ya faru. Nan biro ya tsaya, don bai san wadda zai zaɓa ba a cikin shekara talatin da ɗaya.