Gidan Tsakiyar Hanya

Shekara uku ciwon ciki ya yi yana cin Saloma kafin a san ko mene ne. An ce atuni ne, an ce basir ne, wata gwaggonta a Ribah ta ce jifa ne, ta aiko da sassaƙe a leda. Sai da mijinta Joel ya kai ta babban asibiti a Sakkwato aka duba cikinta da na'ura, likita ya ce hanjinta ne ke kumbura yana yin gyambo. Ya ce ba a ɗaukarsa wurin kowa, ba a kuma shafa wa kowa. Yakan lafa ya tashi, shan magani kuwa kullum ne. Da ta koma ta gaya masa kasala ta hana ta ko taka keken ɗinkinta, sai ya ce, "Yanzu da cikin ya lafa, ki riƙa tafiya a ƙasa kowace safiya, a hankali. Ba zai warkar da hanjin ba, amma ƙarfinki zai dawo."

Shi likita ya faɗa ya wuce. Saloma ita ta san halin cikinta: in ya murɗa, ba ya ba ta lokacin neman wuri. Don haka ta zauna ta auna hanya kamar yadda take auna yadi. Daga gidanta a unguwar Rikoto zuwa cocinsu tafiyar rabin awa ce a irin takunta. Akwai ban-ɗaki a gida, akwai a coci, maigadi kuma ya yarda ya riƙa barinsa a buɗe. Tsakiyar hanyar ce abin tsoro. A nan gidan Gladys yake, ƙawarta a Zumuntar Mata, wadda mijinta soja ne a Maiduguri.

"Maman Justice, wannan har sai kin roƙa?" in ji Gladys. "In ya taso, ki shigo kawai. Ba gafara, ba gaisuwa. Ki miƙe bayan gida, buta na nan cike. In kin fito mu gaisa har rana ta take."

Haka aka yi wata huɗu. Da farko masu babur sun dame ta, kowa ya ga mace ramammiya tana tafiya a ƙasa sai ya taka birki. "Mama, hau in kai ki, don Allah." Ta ce motsa jiki take yi, su yi dariya su wuce. A hankali tuwo ya fara yi mata daɗi. Gwiwoyinta suka daina ciwon safe. Ta koma kan keke ta ɗinka wa matan coci anko, ran Lahadi kuma ta iya tsayawa a layin masu waƙa har aka gama ba ta nemi benci ba. Ciwon yana nan, amma ya daina zama shi kaɗai ne labarinta. Gidan Gladys kuwa ba kullum take shiga ba. Sanin yana nan shi ke ba ta zuciyar fita.

Da damina ta kankama sai Saje Haggai ya zo. Wan mijin Gladys ne, tsohon soja, ya baro ƙauyensu a bayan Bena saboda rashin kwanciyar hankali. Tun ranar farko ya kafa kujerar roba a bakin ƙofa, ƙarƙashin mangwaro, da sandarsa a kan cinya. Duk mai shiga sai ya tsaya ya gaishe shi. Gladys ta gaya masa akwai wata ƙawarta marar lafiya da kan shigo da sauri. Ya ce, "To," yana murɗa rediyo.

Kwana biyu Saloma ta wuce lafiya, ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata. A rana ta uku, tana daf da mangwaron, cikin ya murɗa. Zufa ta keto mata a goshi. Ta ƙara sauri, ta ce, "Ina kwana, Baba," ta nufi ƙofa.

Sanda ta gitta a gabanta.

"Ke! Kasuwa ce nan?"

"Baba, ka yi haƙuri, cikina ne. Bari in fito in gaishe ka."

"In kin fito? Wa ya koya miki gaisuwa daga baya? Matar wa ce ke?"

"Matar Joel, mai gyaran famfo. Baba, don Allah, cikina."

"Joel na Rikoto? Na san ubansa. Mutum ne mai ladabi. To, tsaya sosai. Ina kwana?"

"Lafiya."

"Ina gajiya? Yaya maigidan? Yaya ruwa?"

Ta amsa, haƙoranta a datse. Ta leƙa tsakar gida ko za ta hango Gladys, amma Gladys ta tafi ɗiban ruwa. Saje ya gyara zama, ya tambaye ta yara, ya tambaye ta ko suna kiwo, yaya awakin. Yana yi a hankali, da gangan, kamar mai gyara wa sabon kurtu tsayuwa.

A kan tambayar awakin ne abin ya ƙwace mata.

Ta zare mayafinta ta ɗaura a ƙugu, ta juya. Mai shayin tsallaken hanya ya kawar da kai. Ta yi tafiyar nan har gida, wani mai babur ya tsaya, ta ɗaga masa hannu ya wuce. Sai da ta yi wanka ta wanke zanen ta shanya, sannan ta zauna bakin gado ta yi kuka. Kunya ce ta fara zuwa. Kafin la'asar kunyar ta koma fushi.

Washegari Gladys ta zo, ta kasa haɗa ido da ita. Ta ce Baba ya sa an wanke bakin ƙofa da aizal, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a gaban maƙwabta. Ya sa an zuba toka a masai, an jefar da butar.

"Masai?" in ji Saloma. "Masan da ban ko kai ba? Shi ya tare ni, Gladys! Me butar ta yi?"

"Ya ce kada ki sake shiga gidan. Wai akwai yara, wai cuta ce."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce, Maman Justice? Wan mijina ne. Na kira Maiduguri, maigidan ya ce in bi Baba a hankali."

Kwana tara Saloma ba ta fita ba. Ba tare da gidan tsakiya ba, hanyar ta fi ƙarfinta, sauran gidajen layin kuma ba ta saba da su har ta roƙi irin wannan alfarma ba. Joel, mutum mai gudun rigima, ya ce ta riƙa zagaya tsakar gida. Ta gwada. Taku goma sha biyu daga katanga zuwa katanga, kaji na bin ta suna tsammanin tsaba. A zagaye na biyar ta tsaya.

"Ni ɗaurarriya ce?" ta ce. "Wani ya yi laifi, ni ake tsarewa?"

"Tsoho ne, Saloma. Ki bar shi da halinsa."

"Na bar shi da halinsa, ni kuma a bar ni da me? Dubi ɗinkin mutane a kan keke. Jiya ko rabin riga ban haɗa ba. Gwiwar nan ta dawo. Kai ka ga yadda nake kafin in fara fita. Can kake so in koma?"

Joel ya ce to shi zai je ya yi masa magana. Ta ce a'a, ba a yanke mata harshe a Sakkwato ba.

Ta zaɓi hantsi, lokacin da cikinta ya fi kwanciya. Ta sa atamfar Lahadi, ta ɗauki takardar asibiti, Joel ya sauke ta a babur nesa kaɗan da mangwaron. Saje na zaune da abokinsa Dominic, shi ma tsohon soja, suna dara a ƙasa. Ta rusuna ta gaishe su, ba ta tsallake komai ba. Sannan ta miƙa takardar.

"Baba, ga abin da likita ya rubuta. Ciwona ba a ɗauka. Shekara uku ina cin abinci kwano ɗaya da yarana, ba wanda ya kamu."

Bai karɓa ba. "Shekara talatin na yi a bariki. Mai gudawa keɓe shi ake yi."

"Wannan ba kwalara ba ce."

"Ƙuda bai iya karatu ba, 'yata. Ajiye takardarki."

Ta ninke takardar a hankali. Ta yi niyyar roƙo ne, amma abin da ya fito daban.

"Baba, sau biyu na ce maka cikina. Ka ji ni, kunnenka lafiya lau. Ka tsayar da ni, uwar 'ya'ya huɗu, kana tambayata awaki har na ɓata kaina a kan titi. Da ka ga abin da ya faru ba ka ce sannu ba. Aizal ka nema. Ni ce marar ladabi?"

Dominic ya ajiye tsakuwar da ke hannunsa. "Saje, gaskiya yarinyar nan..."

"Kofur, ba da kai ake ba." Saje ya dube ta, wuyansa ya sandare. Ta ga ya san gaskiya, ta kuma ga ba zai faɗe ta a gaban abokinsa ba, ko da za a yanka shi. "Na yi magana. Muddin ina bakin ƙofar nan, ba za ki wuce ta ba."

Ta miƙe ta tafi, tana faɗin wasu kalmomi da yarensu na C'lela waɗanda ba ta taɓa faɗi a gaban babba ba. Ba ta yi nisa ba Gladys ta cim mata ta lungu, ta ja ta zuwa bayan gidan. Zanan da ya kewaye ban-ɗakin an yanke shi tsawon mutum, an ɗaure da igiya yadda zai buɗu. Lauje na hannun Gladys.

"Na ji duk abin da kika gaya masa," ta ce. "Ga hanya. Sabuwar buta na ciki."

Saloma ta dubi ƙofar zanan, ta dubi kwatar da ke gefenta. "Ta baya? Kamar akuya mai satar dusa?"

"Ni na ɗauki ƙasar ramin nan a kaina ranar da aka haƙa shi, Baba bai ɗauki ko kwano ɗaya ba. Ba zan iya tayar da shi daga kujera ba, amma wannan nawa ne. Ki zaɓa, Maman Justice: babbar ƙofa kike so ko ƙafafunki?"

"In ya gane fa?"

"Ya gane. Sai ya tuƙa wa kansa tuwo."

Saloma ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta yi tunani.

Da safe, ruwa ya ɗauke, ta ɗaura takalmanta na roba ta fita. Kwana goma na zama sun sa ƙafar ta yi nauyi. Wajen injin niƙa da ke bakin lungun gidan Gladys cikin ya fara magana. Ta tsaya, ta dubi hanyar gida, ta dubi lungun. Ta shiga lungun, ta tsallake kwata, ta kwance igiyar.

Da ta gama ta wanke hannu, ta tsaya jim a bakin zanan. Ranta bai huce ba, ba ta kuma ga ranar hucewarsa ba. Mace mai shekara arba'in da shida, a garin da aka haife ta, tana ratsa kwata don wani ya ƙi cewa ya yi kuskure. Ta ɗaure igiyar da ƙarfi har zanan ya girgiza.

Lungun ya fito da ita kan titi, ɗan gaba da mangwaron. Saje ya ɗago, ya ga inda ta fito, ya buɗe baki. Gladys, da ke shara a bakin ƙofa, ta dakata da tsintsiya a hannu tana kallonsa. Ya dubi Gladys, ya dubi rediyonsa, ya ƙara masa murya.

"Sai na dawo, Gladys," in ji Saloma.

Saura tafiyar minti goma sha biyar zuwa coci, hawa ne kuma. Ta gyara ɗankwali ta kama hawan.