Inda Hawa na Huɗu Ya Shiga

Saura kwana biyar 'yata Tung-tung ta cika shekara huɗu ta daina cin abinci, kuma ni na jawo.

Ranar Asabar ce cikin watan Maris, lokacin da hazon teku yake rufe unguwarmu ta Tseung Kwan O har bangon ɗaki ya riƙa gumi. Daga tagarmu ba a ganin komai sai kawunan dogayen benaye suna shawagi cikin fari, kamar jiragen ruwan da suka tsinke igiya. Na baje kwamfuta a kan teburin cin abinci. 'Yata tana ƙarƙashin teburin, tana yi wa 'yar tsanarta wanka da busasshen soso.

A kamfanin dillancin gidaje nake aiki, amma ban taɓa sayar da ko ɗaki ɗaya ba. Ni ce mai kula da rumbun bayanai: kowane bene, kowane hawa, kowace ƙofa, sai ta bi ta hannuna kafin ta hau shafinmu. A makon ne muka ɗora wata sabuwar manhaja da aka sayo daga waje. Da ta duba wani bene ta ga lissafi ya yi tsalle daga uku zuwa biyar, daga ashirin da uku zuwa ashirin da biyar, sai ta ɗauka mantuwa muka yi. Ta cike mana gurbin. Ta ɗebo hotunan gidan sama da na ƙasa, ta cakuɗa, ta gina gidaje a inda babu su. Kafin gari ya waye, mutum goma sha ɗaya sun nemi a kai su su ga gida mai lamba 4B.

Na buɗe 4B ɗin don in ga ɓarnar. Da yatsa ake yawo a ciki, a kan allon kwamfuta. Farin labule yana kaɗawa ba iska. Hasken falon ba na safe ba ne, ba na yamma ba. Ta taga ana hango teku shimfiɗe, alhali na san benen, a wannan tsayin tashar bas kawai ake gani. Na tura ƙofar kicin, ta fito da ni cikin falon da na baro. Mu da gadonmu yake taɓa bango uku, na tsinci kaina ina zaɓar kusurwar da zan sa gadon Tung-tung, da inda zan kafa raga a taga don kada ta hau. Na daɗe a ciki fiye da yadda aiki ya buƙata.

Kiran shugabanmu, Fai-go, ne ya fito da ni.

"Hoi-lam, kin ga gidan aljanun nan kuwa? Wani ya kira ni sau uku, wai shi lamba ba ta dame shi ba in dai za a sassauta masa."

"To ka sayar masa mana, Fai-go. Ba kai ka ce ko gajimare aka ba ka sai ka samo masa mai saye ba?"

"Gajimare yana da makulli ne? Ki share min su kafin sha biyu."

"Kwantar da hankalinka. Duk wani mai huɗu yau zan goge shi. Ba zan bar ko ɗaya ba."

Sai daga baya na tuna cewa a daidai nan ƙarar soso ta tsaya a ƙarƙashin tebur.

Da yamma ta ƙi shinkafa da turararren ƙwai, abin da ta fi so. Lahadi ta ƙi kunun shinkafa, ta sha ruwa da rabin biskit. Na gwada zafin jikinta, lafiya lau. Na duba maƙogwaro da fitilar waya, na danna ciki, na leƙa kunnuwa. Litinin malamarsu ta tare ni a ƙofar makaranta ta ce da aka fara waƙar ƙirge sai yarinyar ta shige bayan kantar takalma ta toshe kunne.

A cikin lif muna komawa gida ta faɗa min. Ta zuba wa maɓallan ido, ɗaya, biyu, uku, biyar, hannunta cikin nawa ya yi sanyi.

"Mami, in na kai huɗu, ke za ki goge ni, ko kwamfutar ce za ta yi da kanta?"

Na durƙusa nan cikin lif ɗin, har ya kai mu hawanmu ya buɗe ya rufe ya sake sauka da mu. Na ce mata gidajen ƙarya nake nufi, ba yara ba. Ta ce to ina hawa na huɗu na gidanmu. Ni kuwa, da yake na ɗaukar wa kaina ba zan riƙa yi mata ƙarya ba, sai na yi mata bayani: a yarenmu huɗu da mutuwa duk "sei" ake ce musu, murya kawai ta raba su, shi ya sa magina suke tsallake lambar don kada masu saye su tsorata. Ina rufe baki na gane na ƙara wa wuta mai. Da can ɓacewa take tsoro. Yanzu na ba ta sunan abin.

Babanta, Lap-man, yana wurin aiki a tsallaken iyaka sai Laraba da dare. A waya ya ce yara mantawa suke yi, in saya mata kek mai hoton zomo. Na ce masa yarinya kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Sai ya ce zai nemi motar farko.

Talata mahaifiyata, wadda Tung-tung take kira Po-po, wato kaka, ta zo da miyar ƙashi a fulas, da maganinta a baki. Ta ja ni kicin ta yi min faɗa ƙasa-ƙasa, wai wace uwa ce take furta wannan lambar a gaban yaro ana jibi ranar haihuwarsa, wai kwamfuta ta cinye min hankali. Sannan ta ce abin mai sauƙi ne. A lissafin mutanen da, ana haihuwar yaro yana da shekara ɗaya, kowace Sabuwar Shekara ta gargajiya a ƙara masa ɗaya. Tung-tung biyar gare ta tun watan jiya. A sa kyandir biyar, magana ta ƙare.

Na so abin, ba zan ɓoye ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, ta ɗora jikarta a cinya tana ƙirga mata da yatsu. Tung-tung ta saurara har ƙarshe.

"Po-po, yaushe na yi huɗun?"

"Bara, 'yar nan. Tuni kin wuce."

"Ban gani ba."

"Ai ba a gani."

Yarinyar ta juyo ta dube ni. "To wacce aka goge?"

Miyar nan ni da mahaifiyata muka shanye, ba mai kallon wani.

Laraba da safe ina ofis, gabana takardar jagora da Fai-go ya ce in rubuta wa ma'aikatan kwamfuta na sauran rassanmu, don kada a sake gina gidan aljanu. Shi layi ɗaya yake so: duk inda aka ga huɗu a cire. Na ce ba zai yiwu ba, tsofaffin benaye da yawa suna da hawa na huɗu, mutane na ciki suna shanya kaya. Don in tabbatar na buɗe zanen magina na benen da aka yi ɓarnar. Zane ne irin wanda aka yanka bene daga sama har ƙasa, daɓe kan daɓe, ba rami ko ɗaya a tsakani. Abin da lif yake kira biyar, a zanen shi ne daɓe na huɗu daga ƙasa. Shekara shida na san wannan. A matsayin lamba na san shi, ban taɓa tunanin wuri ne da mutum zai taka ba.

Na rubuta ƙa'ida ta farko: kowane hawa a ba shi gurbi biyu, lambar da ake kiransa da ita, da lambar da ƙafa take ƙirgawa daga ƙasa. Ta biyu: kada a bar manhaja ta cike gurbi da kanta. Ta uku: kada a goge komai sai wani ya je ya gani da ido. Na tura masa, na ɗauki jakata. Ya ce ina zuwa da rana tsaka. Na ce aiki da ƙa'ida ta uku. Ya ce in gaishe da aljanun.

Da na ɗauko ta daga makaranta ba ta da nauyi a hannu. Ba mu shiga lif ba. Na tura ƙofar matakala, wadda shekararmu uku a gidan ban taɓa buɗewa ba. Ciki shiru, sanyi-sanyi, bango yana tsattsafo. A kowace kwana akwai siririyar taga, hazo ya manne mata kamar auduga. Takunmu yana hawa ya riga mu, ya dawo mana daga sama.

Na ce kada ta kalli lambar bango, ƙafarta za ta ƙirga, duk ƙofar da muka kai ta ɗaga yatsa ɗaya. Muka hau. Ɗaya. Biyu. A na uku ta tsaya cak, ta rungume ƙarfen matakala da hannu ɗaya, yatsu uku a tsaye a ɗayan.

Na so in ɗauke ta, ban ɗauka ba. Na ce ta tsaya nan ta kalli takalmana, ni zan fara. Na hau a hankali. Da na sha kwana ba ta ganina, don haka na riƙa magana, ina faɗa mata abin da nake gani: gorar kashe gobara, wata tsohuwar tsintsiya, malam-buɗe-littafi a jikin gilashi. Na kai ƙofar na ce mata na iso, ga ni nan, ƙafata ma tana min ciwo. Sannan na ji ƙaramin taku.

A bango an rubuta biyar. A hannunta yatsu huɗu. Ta dubi wannan ta dubi wancan. Na tura ƙofa.

Dogon lungu ne irin namu sak, sai dai ya fi namu rai. Takalma a jere, lema uku a buɗe suna shan iska, keken yara jingine. A gindin wata ƙofa ɗan jan allon ubangijin ƙasa na masu bautar gargajiya, da lemo ɗaya da turare yana hayaƙi, hayaƙin ya miƙe tsaye bai karkace ba. Wani gida ana dafa miya da busasshen ɓawon lemo. Rediyo yana rera waƙar wasan gargajiya can ciki-ciki, kamar daga ƙarƙashin ruwa.

Ƙofar ƙarfe ta zuge, wata tsohuwa ta fito da ledar shara. Na san ta a lif, Auyeung-taai, mai jan keken cefane mai furanni. Kafin in gaishe ta Tung-tung ta riga ni.

"Po-po, a hawa na huɗu kike. Kin mutu ne?"

Na ji kamar daɓen ya buɗe in shige. Tsohuwar ta ajiye ledar.

"Tofar da yawu ki sake magana."

Tung-tung ta tofar, da gaske, a kan takalmina. Na shiga ba da haƙuri, bakina yana harɗewa, na kwashe labarin duka na faɗa mata, har da abin da na ce a waya. Ta saurara tana kallon yarinyar, ba ni ba. Da na gama ta ce iyayen yanzu sun iya karatu amma ba su iya rufe baki ba. Sannan ta dafa gwiwa ta sunkuya.

"Shekara goma sha tara ina nan. Na san huɗu ne, gwiwata ta ƙirga min ranar da lif ya lalace. Amma ki rage murya, kada ki karya min darajar gida." Ta miƙa hannu. "Mintsine ni."

Tung-tung ta mintsina.

"Na ce ki mintsina, ban ce ki cire nama ba."

Ta shigar da mu ta zuba mata kunun jan wake mai zaƙi. Na riƙe numfashi. Yarinyar ta sha cokali uku, ta ajiye, ta ce sauran sai gobe in tana nan. Sannan ta tambaya ko za ta iya zuwa nan ta cika shekarar, tunda nan wurin ya saba. Auyeung-taai ta tambaye ni ƙarfe nawa aka haife ta. Na ce tara da minti ashirin na safe. Ta ce da ma ba ta fita kafin goma.

Alhamis muka sauka har ƙasa da lif, mu uku da babanta, muka hau da ƙafa, don haka ta ce a yi. Hazon bai tafi ba. A ƙofar tsohuwar an ajiye 'yar kujerar roba, da kwano a rufe da faranti. Tung-tung ta zauna, gwiwoyi a haɗe. Lap-man ya tsuguna ya riƙe waya a gabanta don ta ga agogo. Ni na zauna a ƙasa na kama idon sawunta. Na san babu abin da zai faru, amma na kama.

Tara da sha tara. Rediyo a kashe yake yau. Ana jin ɗigar ruwa daga lemar wani. Lambar ta juya.

Ba ta motsa ba sai da ta sake juyawa. Ta ɗaga hannuwanta ta duba ciki da baya. Ta taɓa hancinta.

"Mami, kina ganina?"

"Ina ganinki."

Ta tambayi babanta, ya ce yana gani. Ta ɗaga kai ta tambayi Auyeung-taai, wadda take tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙugu.

"Ina ganin wata mai majina ta tare min hanya."

Tsohuwar ta ɗage farantin. Dafaffen ƙwai ne da aka rina ja, irin na ranar haihuwa, har yanzu da ɗumi. Tung-tung ta ɗauki ɗaya ta fasa a gefen kujera, ta ɓare da kanta, jan ya ɓata mata yatsu. Ta cinye, ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu, baki cike ta tambaya ko akwai gishiri.