Ƙasar Jegon Lanfen

Saura kaɗan in bar wannan ban rubuta ba. A aji uku na daina makaranta, kuma magana ce ta ɗakin mata, irin wadda ko a baki ba na iya faɗa. Likita Rong ce ta ce in rubuta yadda abin ya faru, ta ce ko ba wanda ya karanta ba laifi.

Ƙauyenmu yana kan tudu a lardin Gansu na ƙasar Sin. Kafin mutanen coci su zo, ruwan sama muke tarawa a rami, in ya ƙare mu koma kududdufin da jakuna ke sha. Kiristocin birni ne suka haɗa hannu suka jawo bututu daga gindin dutse, suka kafa famfo a gaban ƙaramin cocin ƙauyen. Suka kuma buɗe ɗakin magani a gefe, suka sa Rong, wata dattijuwa mai gajeren gashi da ta yi aikin jinya a birni. Likita muke ce mata.

Inna ba ta son famfon. Ta ce ba mai ba ka ruwa kyauta bai jira ka biyo shi ɗakin waƙa ba. Maƙwabciyarmu Goggo Pan, wadda ke zuwa cocin, kullum sai ta tsokane ta ta kan katanga.

"Tsohuwa, jakinki ma ya sha, har yau bai yi addu'a ba."

"Shi ya fi ki hankali," in ji Inna.

Lokacin kaka matar yayana, Lanfen, ta haifi ɗa namiji. Yaya Dehai yana birnin Lanzhou wurin aikin gini, sai sabuwar shekara zai dawo. Tun cikin na wata bakwai Inna ta ɗebo ƙasa mai laushi daga gangaren da ke fuskantar rana, ta tankaɗe, ta shanya. Ranar haihuwa ta ɗumama ta, ta zuba a kan gadon tubali, Lanfen ta zauna a kai don ta tsotse jini. A kan irinta aka haifi Yaya, aka haife ni. Aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, aka toshe taga. Wata guda mai jego ba ta fita, iska ba ta taɓa ta, ruwa ba ya taɓa jikinta. In ya taɓa, sanyi ya shiga ƙashi ke nan har tsufa.

Ni ke kai wa Lanfen kunun gero da ƙwai. Kafin mako ya cika ta daina shanye kunun. Jikinta ya yi zafi, tana rawar sanyi a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, ɗakin kuma ya canza wari. Inna ta ce zafin nono ne, ta ƙara sabuwar ƙasa.

Ban gaya wa Rong ba. Goggo Pan na gaya wa a bakin famfo, ina kallon bokitina, ita ta kai maganar.

Rong ta zo bayan cin rana. Inna ta tsaya a ƙofa ta ce baƙo ba ya shiga ɗakin jego, zai taka nono ya tafi da shi. Rong ba ta yi gardama ba. Ta cire takalmanta ta ajiye a tsakar gida, ta ce to ba abin da za ta taka da shi. Inna ta daɗe tana kallon safarta, sannan ta matsa.

Da Rong ta fito daga ɗakin ta yi bayani a hankali. Wurin haihuwar ya ruɓe, ƙasar ce ke ƙara shi. Ga magani na haɗiya, amma sai an kwashe ƙasar, an wanke Lanfen da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri safe da yamma, kuma ruwan famfo, kada a ɗebo na rami. In zazzaɓin ya shiga jini, za ta iya mutuwa ta bar yaron.

Inna ta karɓi maganin, ta ce wannan ba laifi. Ruwa kam a'a. Ta ce ita za ta amsa wa Dehai in matarsa ta gurgunce tana shekara arba'in, Rong kuwa tana birni tana waƙa. Rong ta ce ba za ta tilasta kowa ba a gidansa. Ta sa takalmanta, ta dube ni, ta ce ɗakin magani a buɗe yake, motar coci kuma tana nan in an buƙaci asibiti.

Na shiga in ba Lanfen maganin. Duk ta ji abin da aka faɗa. Ita ma tana tsoron ruwan, don uwarta da sanda take tafiya, kuma duk danginsu sun ce wankan jego ne ya ja. Ta kalli yaron. Sannan ta ce, "Ƙanwata, ciwon gwiwa ai sai wadda ta rayu har ta tsufa. Je ki ɗora ruwan."

Na ɗauki bokiti na tafi famfo. Ban ɓoye ba, don ba inda zan ɓoye, murhunmu ɗaya. Na wanke babbar tukunya na hura wuta da karan masara. Inna tana zaune tana feraye dankali, ba ta ɗago ba. Sai da ruwan ya fara tafasa ta tashi. Na ɗauka kifar da shi za ta yi. Ta miƙa hannu saman rufi ta ciro busasshiyar tazargade, ta jefa a ciki da bawon citta.

"In za ki kashe min suruka, kashe ta da ruwa mai ƙamshi," ta ce. "Kurma kawai, yau kin yi baki."

Na ture ƙasar gefe da tsintsiya, na shimfiɗa tsohon zanen da na tafasa. Na wanke Lanfen yadda Rong ta kwatanta. Ita kuma ta juya fuska bango. Inna tana bakin ƙofa riƙe da yaron, ta tare iska da bayanta.

Washegari goshin Lanfen da sauran zafi, amma rawar sanyin ta tsaya, ta shanye kunu ta nemi ƙari. Na kwashe ƙasar a kwando na kai gonar dankali na zubar, har da buhun da Inna ta ajiye na sauran watan. Daga nan na biya ɗakin magani na gaya wa Rong yadda aka yi da bakina, na ɗebo ruwan wankin safe.